Wai da gaske kalmar "set" tana da ma'ana 430? Fashin baƙi kan gardamar teburin mai shayi

Ta yaya kalma mai harafi uku kacal za ta ɗauki ma'ana har 430? In kuma da gaske ne, toh wannan arziki ne na Turanci ko kuwa tsabar ruɗani ne? Tambayar kenan da ta riƙe mu a teburin mai shayin unguwarmu har aka fara tattara bencina, kuma na lura ba mu kaɗai bane, duk bayan 'yan watanni sai maganar nan ta sake zagayowa a wayoyin mutane, wasu su ce ƙarya ce, wasu su maida ita sandar dukan Turanci, wasu kuma su maida ita hujjar raina Hausa.

Wani yaro ɗan SS3 ne ya karanto mana daga wayarsa cewa kalmar Turanci set tana da ma'ana 430. Mai gyaran janareto dake gefena ko ɗagowa bai yi daga kofinsa ba yace, "Set dai? Ai saiti kenan, ni da nake wuni ina saita kafireta za a gaya wa?" Tela yace shi saitin da ya sani na kujeru ne da na kwanuka, wanda yake hana iyayen amare barci. Yaron yace a'a Baba, har faɗuwar rana ma set ce, siminti in ya kama ma set ne, cinna wa abu wuta ma da set ake faɗa. Nan wani dattijo da muke kira Alhaji ya ajiye burodinsa yace, "Yaro, yaren da kalma ɗaya take aikin mutum 430 ai talaka ne, riga ɗaya gare shi, da ita zai je Idi da ita zai je gona." Aka kwashe da dariya. Tela yace, "A'a Alhaji, attajiri ne, ɗa ɗaya ya haifa ya buɗe masa shago 430." Aka sake darawa.

Na tafi gida da maganar a raina, don kowannensu ya taɓo wani abu amma babu wanda ya kai gindin zancen.

Daga ina adadin ya fito?

Ba 'yan intanet suka ƙirƙira ba. Tushensa babban ƙamus ɗin Turanci na Oxford ne, wanda aka fara fitarwa kashi-kashi a 1884 ba a kammala ba sai 1928. A bugu na biyu na 1989, mai mujalladi 20, bayanin set a matsayin kalmar aiki kaɗai ya kai ma'ana 430, kuma an kashe kalmomi wajen 60,000 wurin bayanin. Kalma 60,000 fa jama'a, littafin labari guda kenan, a kan harafi uku. Kundin Guinness na abubuwan bajinta na duniya ya sa ta a matsayin kalmar Turanci da ta fi yawan ma'ana, daga nan maganar ta shiga duniya.

Sai dai akwai abun da masu yaɗa labarin basa faɗa. Shi wannan ƙamus na tarihi ne, ba irin ƙaramin nan da ɗan makaranta ke sawa a jaka ba. Duk ma'anar da aka taɓa amfani da ita a rubuce sai ya kawo ta, har waɗanda suka mutu shekaru ɗaruruwa, har na masu sana'a kamar maɗaba'a da matuƙan jirgin ruwa da mafarauta. Kenan direban bas a Landan in ka tare shi kace lissafo min ma'anonin set ba zai iya kawo maka 430 ba, kuma hakan bai rage shi da komai ba a Turancinsa.

Sannan ita kanta ƙirgar hukunci ne na mai ƙamus. Misali da namu, in nace wuta ta ci gida, tsatsa ta ci ƙarfe, gara ta ci azara, ma'ana ɗaya ce ko uku? Wani malamin zai haɗe su yace duk lalatawa ce, wani zai rarraba. Masu ƙamus ɗin Oxford rarrabawa suke dalla-dalla, shi yasa adadin ya yi tsawo haka.

'Yan gida ɗaya da kuma takwarori

Kafin mu ci gaba sai mun bambance abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai kalma ɗaya da ta haifi ma'anoni da yawa, duk jini ɗaya, in ka bi diddigi za ka ga kamannin. Waɗannan nake kira 'yan gida ɗaya. Akwai kuma kalmomi biyu daban da suka yi katarin suna ɗaya amma ba dangin iya ba na baba, waɗannan takwarori ne. A rubutun Hausa gari na mutane da gari na tuwo takwarori ne, da ka furta su ma kunne ya raba gardama. Amma ci na tuwo da ci na jarrabawa 'yan gida ɗaya ne.

Ita set tana da duka biyun, abun da ya ƙara mata jama'a kenan.

Asalinta "zaunar" ne

Wannan shi ne wurin da yafi burge ni. A tsohon Turanci, sama da shekara 1,000 baya, kalmar settan ce, kuma 'yar'uwar sittan ce wadda ta zama sit, wato zauna. Ma'anar settan ita ce ka sa abu ya zauna. Daidai yadda muke da zauna da zaunar. Da ka riƙe wannan, yawancin ma'anonin da suke kamar basu da alaƙa sai su fara jeruwa da kansu.

Ka zaunar da abu a wuri, ka ajiye shi kenan. Birkila ya zuba siminti ya bar shi ya kwana, da safe ya danna da yatsa ya ji ya kama, simintin ya zauna, ba ya motsi kuma, Bature yace ya yi set. Mai ɗori ya ja karayar ya maida ƙashi mazauninsa ya ɗaure da kara, Bature yace ya yi set ɗin ƙashi. Ka ɗora kaza kan ƙwai ta kwanta, da set suke faɗa. Rana ta gangara yamma kamar za ta je ta zauna a bayan ƙasa, set. Iyaye su zauna su tsayar da ranar biki, su suna zaunar da ranar mu muna tsayar da ita ko sa ta, hoton dai ɗaya ne, an hana ta yawo. Agogo ma haka, ka zaunar da hannunsa a inda ya kamata. Har ranar wasannin makaranta da malamin wasanni zai ɗaga murya yace get set kafin ya busa usur, cewa yake ku zauna daram a shirye.

Kaga ba ruɗani bane, tafiya ce, ma'ana tana haifar ma'ana a hankali shekara bayan shekara.

Toh saitin kujeru fa, ina ruwansa da zama in ba don ana zama a kai ba? Nan takwara ta shigo. Set mai nufin tarin abubuwa ko mutane iri ɗaya tana da wata jijiya daban, daga tsohon Faransanci, shi kuma daga kalmar Latin secta, wato jama'a masu bin tafarki ɗaya. Bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066 kalmomin Faransanci sun yi ta kwarara cikin Turanci, ita ma wannan ta samu shiga, ta tarar da mai sunanta, suka zauna gida ɗaya har aka daina bambance su. Daga nan ne saitin kwanukan amarya, da ɗan gwangwanin nan na kayan lissafi da ake tilasta wa kowa saye a JS1, da "ɗan set ɗinmu ne a sakandare" duk suka samo asali.

'Yan rakiyar da suke juya mata hali

Babban abun da ya kumbura lissafin shi ne 'yan ƙananan kalmomin da ake liƙa mata a baya, irin su up da off da aside. Kowacce ta raka ta sai ta zama wata aba daban, kuma abun haushin ga mai koyo, ko da rakiya ɗaya ma sai ka samu ma'ana biyu ko uku. Set up na iya zama kafa kamfani, yana kuma iya zama haɗa wa mutum gadar zare. Set off na iya zama kama hanya, yana iya zama tayar da bam ko ƙararrawa.

Amma wadda Kanawa ba za su manta ba ita ce set aside. A Nuwamban 2023, lokacin shari'ar zaɓen gwamna, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta karanta hukunci cewa ta tabbatar da abun da tirabunal ta yanke na sauke Gwamna Abba Kabir Yusuf, amma da kwafin hukuncin ya fito a rubuce sai aka ga wani wuri can ƙarshe yana cewa an yi set aside ɗin hukuncin tirabunal ɗin, wato an soke shi. Kotun tace kuskuren rubutu ne. Duk wanda yake gari a lokacin ya san yadda majalisu suka koma ajin Turanci, mai kayan miya ma yana tambayar menene set aside. Daga baya a 12 ga Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta yi set aside ɗin hukuncin kotun ɗaukaka ƙarar, gwamnan ya ci gaba da zama a kujerarsa. Ba siyasar nake son tayarwa ba, kalmomin nake nunawa, biyu ne kacal amma sai da suka hana gari guda barci.

Yanzu ka duba, in labari yace gwamnati ta yi set aside ɗin wasu kuɗi don gyaran asibitoci, a nan ware kuɗin aka yi. A bakin alƙali sokewa, a bakin kwamishinan kuɗi warewa. Hoton asalin ɗaya ne, an ɗauke abu an ajiye a gefe, amma wani an ajiye shi don an gama da shi, wani don ana ji da shi. Mai fassarar da ya haddace ɗaya kawai zai iya gaya wa jama'a an soke kuɗin asibiti alhali ware su aka yi.

Me yasa gajerun kalmomi ne ke wannan aikin?

Wani masanin harshe na Jami'ar Harvard a Amurka, George Zipf, ya nuna tun shekarun 1930 da 1940 cewa kalmomin da aka fi yawan faɗa su suka fi gajarta, kuma su suka fi tara ma'ana. Dalilin a fili yake, in sabon abu ya zo mutane basa tsayawa ƙera masa sabuwar kalma, wadda ke kusa da baki suke jawowa.

Kuma wallahi mu Hausawa bai kamata ma mu yi mamakin set ba, don muna da wadda ta fi ta gajarta, harafi biyu, ci. An ci tuwo, an ci jarrabawa, an ci zaɓe, an ci ƙwallo, an ci riba, an ci bashi, an ci amana, an ci mutunci, an ci zarafi, an ci sarauta, an ci ado, an ci karo, an ci tarar mai laifi, kasuwa ta ci, fitila tana ci, aiki ya ci gaba. Ka ɗauki Baturen da ya koyi cewa ci na nufin sa abinci a baki, kace masa wane ya ci fuskata a gaban surukaina, me kake zaton zai hango? Ga kuma sha, mun sha ruwa, mun sha wahala, mun sha iska, mun sha mamaki, wani ya sha kaye, wani ya sha alwashi, abu biyu sun sha bamban, rake ma da mangwaro sha muke. Babu Bahaushen da waɗannan suka taɓa rikitawa, yaro ɗan shekara biyar ya san mai cin bashi ba tauna shi yake ba, saboda kalmar dake kusa ita ke gaya masa wace ci ake nufi. Haka shi ma ɗan Bature yake da set ɗinsa.

An ma ƙwace mata kambun

Labarin 430 ɗin ma ya tsufa. Masu ƙamus ɗin Oxford suna sake bitarsa, kuma a 2011 da suka gama da kalmar run, wato gudu, sai ta fito da ma'ana 645 a matsayin kalmar aiki. Mutumin da ya yi aikin, Peter Gilliver, wata tara ya kwashe a kanta. Zamanin inji da kwamfuta ya taimaka mata sosai, inji na run, manhaja na run, ɗan takara na run, mai kamfani na run ɗin kamfaninsa. Mu ma gudu bai tsaya a ƙafa ba ai, ruwa na gudana, ana gudanar da mulki, ana gudun hijira, ciki ma in ya ɓaci gudawa muke cewa.

Abun da muka yi da ita bayan mun aro ta

Mai janareto bai yi kuskure ba da yace saiti ce. Mun karɓe ta mun sa mata rigar gida har ta haifi saita da saitu. Ana saita agogo, ana saita tasha a rediyo, mai ɗora dish yana kan rufi yana juyawa a hankali yana ƙwala wa na ɗaki kira "ya kawo?" har ya saitu. Mutum in ya rikice sai ace ya saita kansa, wanda kuma aka ce ba shi da saiti toh an gama magana. Muna cewa ya tsaya saitin ƙofa, ya raɗa mata saitin kunne, wannan kuwa Bature ba zai faɗe shi da set ba. Ni a kunnena saitin ƙofa da saitin bindiga sun fi kama da sight, abun auna hari na bindiga, kaga kenan mu ma mun haɗa takwarori gida ɗaya kamar yadda suka yi da ta Faransanci.

Tsakanin Alhaji da tela wa ke da gaskiya?

Maganar Alhaji ta riga ɗaya tayi daɗi amma bata tsaya ba, domin Turanci ba rashin riguna ne da shi ba, ƙamus ɗin nan na Oxford ya haura kalma 600,000, kuma kusan duk ma'anar set akwai wata doguwar kalma da za ta iya zama a wurinta. Son sauƙi ne yasa ake komawa gajerar. Inda Alhaji ya yi gaskiya shi ne abun na wahalar da baƙo matuƙa, dogayen kalmomin da ake tsoro sun ma fi sauƙin koyo don galibi fuskarsu ɗaya ce.

Shi kuma tela da yake ganin wannan ya nuna Turanci ya fi, nan ma ban yarda ba, tunda duk harshen da mutane suka daɗe suna magana da shi haka yake. Abun da Turanci ya fi mu da shi a nan, kuma shi yake min ciwo, shi ne masu ƙirga. Sun samu mutanen da aka biya su zauna fiye da shekara 100 suna bin tsofaffin rubuce-rubuce suna tattara inda kowace ma'ana ta fara bayyana. Mu muna da ƙamus ɗin Bargery na 1934, muna da na Jami'ar Bayero na 2006 wanda Hausa ke bayanin Hausa, ayyuka ne manya Allah ya saka wa waɗanda suka yi, amma ina so in ga ranar da za a ba wani malami wata tara da albashi ace jeka ka bi mana kalmar ci tun daga waƙoƙin ajami na malaman jihadi, ka bi ta bakin makaɗa da 'yan kasuwa da mahauta da 'yan ƙwallo, daga Kano har Damagaram har zangon Kumasi, ka dawo mana da lissafi.

Ina ruwan talaka da wannan?

Da ruwansa sosai. Na farko 'yan makaranta. Yadda aka koyar da da yawanmu shi ne kalma da ma'anarta, layi-layi, a haddace. Kwanaki na zauna da ɗan yayata yana aikin gida, jimlar na maganar siminti ne da ya yi set, ya buɗe ƙaramin ƙamus ɗinsa ya ɗauki ma'anar farko ya rubuta wai an ajiye siminti, yaron nan yana da ƙoƙari, hanyar da aka ɗora shi ce ta gaza. Nace masa karanta jimlar duka tukunna, wa ke aikin, me ya biyo bayan kalmar, sannan in ka buɗe ƙamus kar ka tsaya a lamba ɗaya, gangara har ka samu misalin da yayi kama da naka. Tambayoyin WAEC da JAMB na zaɓen ma'ana mafi kusa a irin wannan ramin suke kama yara.

Haka masu fassara da waya, in ka jefa mata set ita kaɗai ma'ana ɗaya ko biyu za ta miƙo maka, ba ta jimlar gaba ɗaya.

Sai wanda yafi tsada, takardun banki. A fom ɗin karɓar bashi akwai wurin da ake rubuta set-off, a nan ba kama hanya ba ce ba tayar da bam ba, dama ce da ka ba banki ya ɗebi kuɗi daga wani asusunka ya biya kansa in ka kasa biya, kuma tun 2020 Babban Bankin Najeriya ya fito da tsarin da ke ba da damar bin kuɗin har asusunka na wani bankin. Mutum ya ga kalma 'yar ƙarama da ya saba gani tun firamare ya wuce ta ya sa hannu. Don Allah in ka ci karo da ita a takardar da za ka sa wa hannu, tsaya ka tambayi wanda ya san aikin.

Washegari na koma teburin na gaya musu labarin zaunar da na run da ta ƙwace kambu. Alhaji yace toh a bar Bature da nasa, yaro ɗauko biro mu ƙirga ci. Yaron ya juya bayan takardar sukari yana rubutawa, wannan ya jefo wancan ya jefo, tela ya kawo cin ɗinki, mai janareto yace inji na cin mai, aka yi gardama ko mai sha ake ko ci, Alhaji ya yanke hukunci a rubuta duka biyun. Mun wuce 30 takardar ta cika, sai mai shayi da tun ɗazu bai ce uffan ba ya ɗaga ludayinsa yace, "Alhaji a ƙara da wannan, akwai mutum biyu a bencin nan da suka ci bashin shayi tun makon jiya."